Injin da ke ƙarƙashin gadona

Litinin, 11 ga Yuli 1960, da hantsi

Mobilet, ƙaramin babur mai feda, ta kwana a ɗakina, tsakanin gado da akwatin littattafai. Ban ba kowa izini ba. Jiya bayan magariba yaron nan ya turo ta da hannu, fitilar gaba a fashe, kanta a karkace, Gambo ƙanin ubansa na biye da shi yana waige-waige. Suka wuce zaure, suka wuce tsakar gida, ko sallama babu. Gambo ya ce, Yaya, kwana biyu ne kawai, jandarma ba sa wuce zauren mutane. Tun rasuwar maigidan bai taka ɗakin nan ba sai jiya, kuma da takalminsa.

Yaron ɗana ne na fari. Ba na kiran sunansa, a nan ma ba zan rubuta ba. Na yi karatun Nasara, na daɗe ina koyar da 'yan mata a lekol, makarantar boko, na bar abubuwa da yawa na iyayenmu, amma wannan ban bari ba.

Ni na wanke wandonsa. Na yi ta canza ruwa har ya daina ja. Shi ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Litinin, bayan la'asar

Na faɗa masa tun bazara. Lokacin da ya samu aikin komi, wato magatakarda, a biro, ofishin hukuma, ya sayi mobilet ɗin, ban ce uffan ba, domin abin hawa ne na mutunci, tana tafiya a hankali, in ta gaji a taimaka mata da feda. Sai abokansa suka fara yi masa dariya, wai jakin mai ruwa ya wuce shi a hawan Birni. Sai ga wani Bakano mai kasa ƙarafa a bakin kasuwa, wai yana da babban inji, an ciro daga wani moto, wato babban babur, da ya mutu a Kano. Sai ga Adamu makanike yana cewa shi zai iya ɗaura shi.

Na zaunar da yaron na karanta masa doka kamar yadda take manne a allon komisariya, ofishin 'yan sanda. Inji in bai kai hamsin ba a ma'auninsu, hukuma keke take ɗaukarsa, babu ruwanta da kai. Da zarar ya haura hamsin ya zama moto: sai an kai shi an duba, a ba shi lamba a manna a baya, a yi kart giriz, takardar mallaka, da sunan mai shi, mai hawa kuma ya ci jarrabawar parmi, lasin tuƙi. Nasa ya ninka hamsin har da ɗoriya. Na kuma ce masa, an ƙara wa abu gudu, birkin fa, an ƙara? Birkin nan na keke ne.

Ya ce, Inna, Nasara tafiya za su yi, wa ke ta lamba yanzu.

Yau ya tafi biro a ƙasa, da farar rigarsa a goge.

Talata, 12 ga Yuli, bayan azahar

Jandarma sun zo, su biyu. Ina jin su daga bayan katanga. Gambo ya shimfiɗa musu tabarma ya ce ai mobilet tana Mirriya, an ba wani ɗan'uwa aro. Ya faɗi haka da bakin da ya gama lazimi da shi. Suka ce a kawo ta ranar Litinin.

Ɗakin duk warin isansi, man mobilet ɗin. Ya kama zannuwana, ya kama dardumar salla. Na yi turaren wuta, sai warin ya zama biyu. Tir.

Alhamis, 14 ga Yuli, da yamma

Nasara sun yi bikinsu na ƙarshe, an yi ta busa a bariki. Ban ci komai ba sai fura.

Juma'a, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Na je asibiti ba tare da na gaya wa kowa ba. Sunan mutumin da yaron ya buge Nomau, manomi ne daga wani ƙauye kusa da Dogo. Ran Lahadi yana komawa gida da jakinsa. Wani direban kamyo ne ya tsince shi ya kawo shi.

An rufe ƙafar da farin ƙyalle, ƙudaje na bin ƙyallen. Matarsa Tani na zaune a ƙasa da mafici. Na ajiye kwanon tuwo na gaishe su. Ta tambaye ni ko ni ma'aikaciyar asibiti ce, ganin na yi wa likita magana da Faransanci. Na ce a'a. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

Shi ba ya zancen ƙafa, zancen gona yake. Ya ce gero ya kai gwiwa, maimai ya rage, ciyawa ba ta jiran kowa. Na tambaye shi yadda abin ya faru. Ya ce ya ji ƙara a bayansa ya ɗauka kamyo ne, ya ja jakin zuwa gefe can cikin yashi don ya ba babbar mota hanya, to a cikin yashin abin ya same shi. Ya ce bai taɓa sanin keke na irin wannan kukan ba.

Da na dawo na tarar da yaron a tsakar gida yana yanke farce. Na shige ɗaki.

Asabar, 16 ga Yuli, da rana

Ƙazanta a kan ƙazanta.

Adamu makanike ya shigo gidana da sunan mai gyaran rufi. Gambo ya yi ta ɗaga murya a ƙofa don maƙwabta su ji, wai ɗakin Yaya na yoyo, ga damina. Ƙato da gemunsa ya ɗauko kwandon magina, ya lulluɓe sifanoni da tsohon buhu, ƙaramin injin na asali yana ƙasan kwandon. Har ya tsaya yana duban indararo yana girgiza kai.

Suka kwantar da mobilet a kan tabarmata. Na zauna a bakin murhu ina jin ƙarar ƙarfe. Zuwa azahar sun cire babban sun mayar da ƙaramin. Adamu ya debo ƙasa ya kwaɓa da baƙin mai ya shafe kusoshin, don kada a ga sabon kwancewa. A wannan fannin gwani ne. Da ya sa rabin wannan hankalin a kan birki tun farko.

Babban injin kuwa Adamu ya ce shi ba zai ɗauka ba, ana yawan leƙa garejinsa. Bakanon da ya sayar kuwa ya naɗe tabarmarsa tun ran Litinin. Gambo ya ce nasa gidan akwai yara masu surutu. Suka naɗe shi a buhu suka tura ƙarƙashin gadona.

Na ce wa Gambo ya fitar min da shi. Ya ce, haba Yaya, ɗanki ne fa.

Na san ɗana ne. Ba Gambo ne zai tuna min ba.

Litinin, 18 ga Yuli, da hantsi

Gambo da yaron sun kai mobilet wurin jandarma, tana tafe fut-fut kamar ba ta taɓa cutar kowa ba.

Litinin, bayan magariba

Sun riƙe ta. Ajidan, shugabansu, Bature ne mai furfura, ya duba ya ce lalle ƙaramin inji ne, ba ya bukatar lamba ko parmi. Amma ya ce mutanen da ke gonakinsu a bakin hanya sun ba da labarin gudu da ƙarar da ƙaramin inji ba ya yi. Bai rufe maganar ba.

Gambo ya dawo yana zagin ƙauyawa, wai me suka sani game da inji. Sun san ƙara dai. Duk Kara-Kara ma ta san ƙarar nan. Wata uku yana tashin jarirai da ita, tsofaffi na matsawa jikin katanga. Yanzu kowa a unguwar ya kurmance. Liman da ya taɓa aiko min in ja masa kunne, da aka tambaye shi cewa ya yi shi bai lura ba.

Laraba, 20 ga Yuli, da yamma

An yanke ƙafar, daga gwiwa.

Alhamis, 21 ga Yuli, bayan asuba

Mai yana ɗiga daga buhun. Ya yi baƙin tabo a daɓe, ya fara miƙowa waje. Na zuba toka. Ina sujada ina ganin gefen buhun.

Juma'a, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Gambo ya tara dattawa uku sun je asibiti da goro da buhun gero. Sun dawo suna murna. Nomau ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Me zai ce? Mutum na kwance, manyan riguna huɗu na tsaye a kansa, ɗaya har da alkyabba. A garin nan an mai da yafiya abin da ake zuwa a karɓa kamar haraji.

Yaron bai bi su ba. Wai ba ya iya warin asibiti.

Na yi tunanin inda na kuskure a tarbiyyarsa, ban gano ba. Bai taɓa kwana da yunwa ba, bai taɓa ƙarya a gabana ya kwana ba a hukunta shi ba. Duk abokan nan ne, da wandunansu masu matse ƙafa da taba a baki. Duk sun ƙosa Nasara su tafi su hau kujerun, ba wanda ya tambayi kansa ko ya iya zama a kai.

Lahadi, 24 ga Yuli, da hantsi

Gambo ya zo da sabon zance. Ajidan zai zo gidan nan ran Alhamis, kuma ni yake so ya tambaya. Wani ya gaya masa a gidan Madam Zuliha mobilet ke kwana, Madam kuma ba ta ƙarya. Abin da na shekara da shekaru ina tarawa ke nan, yau ga inda za a kashe shi.

Na ce ba zan yi ƙarya ba. Gambo ya yi murmushi, ashe ya riga ya shirya. Ya ce ba wanda ya ce in yi ƙarya.

"Yaya, ke dai ki ja mayafi ki sunkuyar da kai. Na gama da tafinta. Zai gaya wa Bature cewa a al'adarmu uwa ba ta magana a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Ƙarya ce wannan?"

Na ce ba ƙarya ba ce.

"To shi ke nan. Ki yi kunyarki, mu mu yi sauran."

Na ce, ni da na fi tafintan jin Faransanci, in zauna kamar kurma yana fassara shiruna? Ya ce ai nan ne daɗin abin, Bature zai ce ko mai ilimi ba ta tsallake al'ada ba, su kuma suna son irin wannan, har rubutawa suke a littafi. Ya ƙara da cewa saura kwana kaɗan a ba mu mulki, Baturen na ɗaure kayansa, takardun nan duk ɓera zai ci. Kuma an sa sunan yaron cikin waɗanda za a ɗaga in an tafi. In maganar inji ta fito, ba ɗagawa, ba aiki, sai kaso.

Kunyar da na yi wa yaron nan tun ranar sunansa ban yi ta don wani ya gani ba. Yana rarrafe ya faɗi, in kau da kai, sai kakarsa ta ɗauke shi. Wannan ce Gambo ya ɗauko zai rufe buhu da ita.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ya tafi yana cewa Allah ya shi albarka.

Litinin, 25 ga Yuli, da rana

Tela ya aiko a tambaye ni ko 'yan matan lekol za su yi maci da tuta. Na ce a tambayi darekta.

Talata, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Yaron ya shigo ɗakina yau, karo na farko tun ranar. Na ɗauka magana ce ta kawo shi. Na ma gyara zama.

Ya durƙusa ya jawo buhun, ya buɗe, ya shafa injin. Ya ce toka na shiga ciki, in daina zubawa kusa. Ya ce in komai ya lafa bayan bikin samun mulki Adamu zai mayar masa da shi, wannan karon zai nemi lamba, tunda abokinsa ne zai riƙe ofishin.

Na tambaye shi ko ya san an yanke ƙafar. Ya ce ya ji, Allah ya ba shi lafiya. Ya ce ai ba shi da laifi a takarda, tafinta ya nuna masa abin da aka rubuta: jaki ne ya yi tsalle ya shiga hanya, mai jakin bai riƙe shi ba. Har ma ana cewa za a ci mutumin tara don sakin dabba a hanyar hukuma, amma shi zai roƙa a yafe masa.

Shi zai roƙa a yafe masa.

Na dube shi sosai, abin da ban saba ba. Goshin ubansa, hannuwan ubansa. Ya ce, Inna, lafiya? Na ce ya mayar da buhun ya fita.

Laraba, 27 ga Yuli, bayan isha

An yi ruwa mai yawa. Ciyawa ta samu abin da take so.

Alhamis, 28 ga Yuli, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi, domin na san kafin magariba za a sauya labarin a gari.

Sun zo da hantsi: Ajidan, tafinta, da jandarma ɗaya. Gambo da yaron suna zaure. Aka kira ni na fito da mayafi na zauna daga bakin ƙofar ciki. Ajidan ya gaishe ni da girmamawa. Ya ce tambaya ɗaya ce, ko na taɓa ganin ɗana ya canza wani abu a mobilet ɗinsa.

Na sunkuyar da kai. Ba don Gambo ba. An ce "ɗanki" a gaban maza, wuyana da kansa ya yi.

Tafinta ya fara karatunsa. Ya yi shi da kyau, har da cewa in uwa ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a abin magana ne har jikoki. Ajidan ya gyaɗa kai, ya ce ya taɓa jin haka, ya ba ni haƙuri. Na ga ya rufe littafinsa ya sa alƙalami a aljihu. Na ji Gambo ya sauke numfashi. Tafinta ya ce, sai maganar tarar mai jaki, Ajidan ya ce a rubuta a kai masa asibiti.

Na tashi na shiga ciki. Sun ɗauka na gama.

Yana da nauyi fiye da yadda na zata. Na jawo shi, na juye shi a babban daron wanki, na yi gammo da ɗankwali na ɗora a kai. Mai na bin wuyana. Na ratsa tsakar gida na shiga zaure na sauke shi a gaban takalman Ajidan.

Na ce masa da Faransanci, ba ta bakin tafinta ba: "A kan yaro ba ni da magana. Wannan ƙarfen dai a ƙarƙashin gadona yake tun ran Asabar, sha shida ga wata, kuma ba ni na saya ba."

Sai Gambo ya ce, a hankali, "Yaya, kin kashe gidan nan."

Ban dubi inda yaron yake ba. Na koma ciki na wanke wuyana da sabulu. Ina ji aka fita da su. Daron ma sun tafi da shi.

Juma'a, 29 ga Yuli, da yamma

Ba wanda ya shigo. Matar Gambo ta aiko a karɓi turminta.

Asabar, 30 ga Yuli, da hantsi

An kama Adamu. An soke tarar Nomau, an ce kuma za a yanka masa wani abu daga albashin yaron da aka riƙe. Ƙafa dai ba ta dawowa. Yaron yana kaso har a yi shari'a, an ce sai bayan biki, alƙalan ma ba a san su wa za su zama ba.

A bakin rijiya mata sun yi shiru da na iso. Ɗaya ta ce da 'yar'uwarta, da ƙarfi don in ji, wai boko in ya shiga mace har nono yake busarwa. Waɗannan su ne suke aiko min 'ya'yansu in koya musu gaskiya.

Na kankare daɓen da wuƙa. Tabon ya shiga ƙasa, sai an sake daɓe.

Litinin, 1 ga Agusta, bayan asuba

Ban yi nadama ba. Na rubuta don in gani a rubuce.

Laraba, 3 ga Agusta, bayan la'asar

Tun safe ake kiɗa. An ce mun samu 'yancin kai. Abokansa sun wuce ta ƙofar gida a kan kekuna da tutoci, ba wanda ya tsaya.

Kwana biyar matar Gambo ke kai masa abinci, yau ta aiko cewa ita za ta kallo, wadda ta kai shi can ta ciyar da shi. Na tuƙa tuwo na yi miyar kuɓewa ɗanya, na ɗauka da kaina. Hanya duk jama'a, na bi ta lungu.

A ƙofar kaso akwai layin mata da kwanuka. Gardin da ke karɓa baƙo ne, daga yamma aka kawo shi, bai san ni ba. Ya buɗe kwanon ya soka cokali ya duba, sa'an nan ya ce, na wa ne?

Na ce na komin da aka kawo ran Alhamis. Ya ce komi uku ne a ciki, in faɗi suna. Na ce mai mobilet. Ya ce shi ba mobilet yake tsaro ba, in ba suna in matsa, akwai mutane a bayana. Na waiga ko akwai wadda ta san mu ta faɗa a madadina. Akwai, har biyu. Suka kau da kai.

Na faɗa. Ganguna sun yi yawa, bai ji ba, ya ce in ɗaga murya.

Lawan. Na ce Lawan.

Ya shiga da shi. Na tsaya a rana har aka miƙo kwanon. Ya dawo yadda na kai shi, sai ramin cokalin gardi.

Na ba wata tsohuwa a layin. Gobe zan kai dambu.